Aski Ya Zo Gaban Goshi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Gab da Gama Shimiyo a Damagaram

Wata goma sha huɗu na yi ina jinyar yayata, muna kai da komo tsakanin Zinder da Yamai, tun daga ranar da aka ce kullutun da ke mamanta sankara ce har ranar da aka cire mata ƙarin ruwa na ƙarshe na shimiyo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya zagaye-zagaye. Ni ba lokotoro ba ne. Ɗan rakiya ne mai riƙe jakar takardu, mai yawan tambaya har ma'aikatan likita suka san ni. Tun da muka dawo gida Birni, masu irin wannan jinya suke sallama a ƙofarmu, kuma na lura tambayoyin masu shirin gamawa daban suke da na masu farawa. Su ne na tara a nan. Inda maganata ta saɓa da ta lokotoron da ke riƙe da dosiyenka, tasa za ka bi.

Saura mini zagaye biyu, kuma kullutun ya ɓace. Ba zan iya tsayawa haka ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma a nan na fi tsananta. Kada ki tsaya da kanki. Abin da hannu ke taɓawa ya ɓace, gaskiya ne, amma tun farko ba don shi kaɗai aka ƙidaya zagaye shida ko takwas ba. Shimiyo yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin rarrabuwa, kuma ba dukan ƙwayoyin cutar ke rarrabuwa rana ɗaya ba. Kowane zagaye yana cin kasonsa ne ya bar saura, shi ya sa ake maimaitawa, galibi duk kwana 21, don jinin mutum ya farfaɗo kafin a sake bugu. Ragowar da zagayen ƙarshe ke nema ba ta fitowa a eshografi, ba ta fitowa a sikana.

Na san abin da ke sa mutane tsayawa, kuma ba wauta ba ce. An sayar da tumaki, an sayar da hatsin rumbu, an ci bashi. Hanyar Yamai kusan kilomita 900 ce, ka shiga kar da asuba, ka ratsa Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ka isa da dare ƙafafu a kumbure. Mai lafiya ma ya ji jiki. In kuɗi ne suka yanke, faɗa wa lokotoro ƙarara, ka kuma nemi ofishin taimakon jama'a na likitar. Shi zai iya ɗage rana ko ya canza tsari da sani. Ɓacewa shiru shi ne abin da ba ya da gyara.

Me ya sa na ƙarshen suka fi na farko wahala?

Saboda gajiyar taruwa take. Ɓargon ƙashi, inda ake yin jini, bai gama murmurewa daga bugun baya ba wani ya zo. Jini yana raguwa, tsoka tana zubewa, cin abinci ya ja baya wata da watanni. Yaya ta yi zagaye na farko ta dawo ta tuƙa tuwo. A na bakwai, daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta zauna ta huta. Wannan ba alama ce cewa cutar ta ci gaba ba.

An yi mini analiz an ce jinina bai kai ba, an ɗage mini mako guda. Aikin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. Ɗage mako guda ko rage yawan magani abu ne da ake yi kullum, musamman wajen ƙarshe. In fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, sun yi ƙasa ƙwarai aka ɗura magani a kai, haɗarin ya fi na jiran. Dabarar da ta rage mana asarar kuɗin mota ita ce yin analiz ɗin jini a nan Zinder kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, mu aika hotonsa ta WhatsApp, sai an ce mu taso mu sayi tikiti. Ka tambaya ko masu kula da kai sun yarda da haka.

Ranar da aka cire ruwan ƙarshe, na warke ke nan?

Za ka ji lokotoro yana kauce wa kalmar. Zai ce cutar ta kwanta, ko ba a ga alamarta ba. Ba rowar albishir yake yi ba. Ba wani gwaji da zai iya rantsewa cewa ko ƙwaya ɗaya ba ta saura a jiki, don haka lokaci ne ke ba da shaida. A yawancin ire-iren sankara, in za ta dawo ta fi dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko, kuma shekara biyar ita ce iyakar da aka saba aunawa da ita. Wasu, kamar wani nau'in sankarar mama, kan iya dawowa ko bayan haka, shi ya sa ake ba su ƙwaya ta shekaru.

Sa'an nan ga mutane da yawa shimiyo ba shi ne matakin ƙarshe ba. Wani tiyata ke jiransa. Wani gashi da na'ura, wanda ake yi a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai tun 2021. Kafin nan sai an fita waje. Gashin yakan fara ƴan makonni bayan shimiyo, ana yin sa kullum daga Litinin zuwa Juma'a, mako uku zuwa shida gwargwadon cutar. Ma'ana zama ne a Yamai, ba je-ka-dawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi masauki da wanda zai zauna da mai jinya tun yanzu.

Dangi suna son yin walima da saukar Alƙur'ani ranar da na dawo. A yi?

A yi godiya ga Allah, a yi sadaka, amma a jinkirta taron. Bayan zagayen ƙarshe jiki bai san cewa na ƙarshe ne ba. Fararen ƙwayoyin jini za su faɗi kamar kullum, su kai ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14, su fara hawa wajen mako na uku. Tsakar gida cike da mata da yara masu mura, kowa na miƙo hannu, a daidai waɗannan kwanaki, ba ƙauna ba ce ko da da ƙauna aka yi. Mu wata guda muka jira. Wata gwaggonmu ta yi fushi, daga baya ta huce.

In masassara ta kama ni bayan na gama fa?

A sayi abin auna zafin jiki a farmasi, a ajiye kusa da shimfiɗa. In ya nuna 38 ko fiye, ko ana rawar sanyi, cikin makonnin farko bayan shimiyo, a tafi likita a lokacin, ko da tsakar dare ne. A nan mun saba duk zafin jiki mu ce sauro ne, a sha parasetamol da maganin masassara a kwanta. Ga mai ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, ƙwayar cuta na iya bin jini ta kayar da shi cikin sa'o'i kaɗan, parasetamol kuwa rufe alamar kawai yake. Mai yiwuwa sauron ne, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, to a gwada. Amma kalmar farko da za a faɗa wa majo ko duk wanda aka tarar ita ce: "Shimiyo nake yi, ranar kaza aka sa mini na ƙarshe." A nemi a ƙirga jini. Kwana cikin gidan sauro kuwa ba sai an faɗa ba.

Yaushe zan koma cin abin da nake so? Fura nake marmari.

Yaya ma fura ta fara tambaya. Matsalar ba furar ba ce, nonon ne da ruwan damu. Nonon da ba a tafasa ba yana ɗauke da ƙwayoyin da mai lafiya zai iya jurewa, mai raunin jini ya kasa. Har jini ya dawo daidai, a dama da yawur na kanti mai rufi ko madarar da aka tafasa, da ruwan da aka tafasa. Kowa ya san halin ruwa a garin nan: na ƴan garuwa da na tanki mai kwana ba a san hannu nawa ya bi ba, to a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs. Salak da ɗanyen tumatir na bakin kasuwar Dole, tsire da ya huce a tire, kilishin da ya sha ƙura, su ma su jira. Da an ce jini ya koma, yawanci bayan wata guda ko fiye kaɗan, a ci.

Abin da jiki ke nema yanzu shi ne abin gina tsoka: wake, ƙwai dafaffe, kunun gyaɗa, nama ko kifi da ya dahu sosai, dambun zogale. Baki yakan yi ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe, wannan yana gushewa cikin makonni zuwa ƴan watanni. Kuma zancen wai nama ko sukari suna ciyar da sankara, don haka a hana mai jinya, ya rame mutane da yawa a banza.

Gashina zai dawo?

Zai dawo. Bayan mako uku zuwa shida za ki ji wani laushi kamar na kan jariri, cikin wata uku ya rufe kai. Wani lokaci yakan fito da laushi ko launi daban da na da. A bar man shafawa mai miƙar da gashi da kitso mai ja sosai sai ya yi ƙwari. Baƙin da farce da tafin hannu suka yi shi ma yana fita a hankali.

Ƙafafuna da yatsuna sun mutu, kamar ina taka auduga. Wannan fa?

Jijiyoyin ji ne maganin ya taɓa. Irin su paklitaksel, sisplatin, oksaliplatin da binkristin an san su da haka. In saura zagaye, ka faɗa tun kafin a sa na gaba, domin a nan rage magani na iya hana lahanin zama. Yakan ɗauki watanni kafin ya sauka, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru bayan an gama kafin ya fara sauƙi, kuma a wasu mutane wani abu yakan saura.

Haɗarinsa a wurinmu na zahiri ne. Yashin tsakar gida a watan Afirilu da Mayu yana iya ƙona tafin ƙafa mutum bai ji ba. Haka garwashi, haka hannun tukunya, haka ƙayar aduwa. Kada a yi tafiya ba takalmi, a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma lokacin alwala a riƙa duba tsakanin yatsu ko akwai ciwon da ba a ji ba.

Mutanen gida sun ce ai an gama, in tashi in kama aiki. Ni kuwa ko tsintsiya ba na iya ɗauka.

Wannan amsar ta mutanen gida ce, a karanta musu. Gajiyar shimiyo ba irin ta wanda ya wuni a gona ba ce, barci ba ya kore ta. Tana ɗaukar watanni, wani har shekara. Tare da ita akwai mantuwa: a sa gishiri sau biyu, a manta abin da aka shigo ɗauka. Ba lalaci ba ne, ba son jiki ba ne, ba kuma taɓin hankali ba.

Abin mamakin shi ne kwanciya ba ta maganinta. Tafiya ce ke yi. Minti goma da sanyin safiya, a ƙara kaɗan-kaɗan. Yaya ta fara da zuwa bakin lungu ta dawo, bayan wata biyu tana kaiwa ƙofar fadar Sarki. Amma daka, ɗaukar jarka da wankin gida duka a raba wa wasu tukuna. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata ta kiyaye wannan hannun daga yanka da ƙuna, in ta ga yana kumbura ko ya yi nauyi ta nuna da wuri.

Zan iya yin azumi?

Ayar da ta wajabta azumi a Suratul Baƙara ita ce ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Wanda ke cikin shimiyo ko bai daɗe da gamawa ba, musamman wanda aka ba sisplatin mai wahalar da ƙoda, ƙishirwar wuni guda a zafin Damagaram na iya yi masa illa ta gaske. A tambayi lokotoro a kan jiki, a tambayi malam a kan ramuwa ko ciyarwa. Wanda ya murmure kuma ƙwaya ɗaya kawai yake sha a rana, sau da yawa ana iya mayar da ita lokacin sahur ko bayan shan ruwa.

Mai niyyar Hajji ko Umra ya lura da abu guda: allurar shawara rigakafi ce mai rai, ba a yin ta sai aƙalla wata uku bayan shimiyo, wasu magungunan ma sai wata shida, kuma da izinin lokotoro.

Al'adata ta ɗauke. Zan sake haihuwa? Maigida kuma yana tambayar yaushe.

Tambayar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa ke nan, bayan an kori yara. Sankara ba a ɗaukarta ta kwanciya, ko cin abinci kwano ɗaya. Ma'aurata na iya komawa shimfiɗa in jiki ya yarda kuma jini ya daidaita. A kwanakin farko bayan kowane zagaye a yi amfani da kwaroron roba, saboda ragowar magani na fita ta ruwan jiki.

Al'ada takan dawo cikin watanni ga mai ƙuruciya. Wadda ta haura arba'in, mai yiwuwa ɗaukewar ke nan. Amma rashin ganin al'ada ba tabbacin cewa ciki ba zai shiga ba ne, kuma ciki a wannan lokaci haɗari ne ga ɗan. Mafi ƙaranci ana cewa a jira wata shida, ga mace da namiji duka, sau da yawa lokotoro zai ce fiye. Mai sankarar mama kada ta ɗauki ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa da kanta, domin sinadarin da ke cikinsu na iya zama irin wanda cutarta ke so. Akwai hanyoyin da ba su da shi. Namiji ma shimiyo na iya rage masa ƙwayar haihuwa, wani ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, wani ba ta dawowa. Ina faɗar wannan ne saboda na ga inda aka ɗora wa mace laifin da ba nata ba.

An rubuta mini wata ƙwaya wai in sha shekara biyar. Ashe ban gama ba?

In tamoksifen ce ko ƴar'uwarta, ba shimiyo ba ce. Tana toshe sinadarin mata ne daga ciyar da ragowar cutar, ƙwaya ɗaya a rana, shekara biyar, wani lokaci har goma. Tana kawo zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumi. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yanke, ko jini ya zo ba lokacinsa ba, a je likita. Ba a ɗaukar ciki a kanta. Kada ki bari ta ƙare kafin ki nemi wata, ba kowace farmasi ke da ita kullum ba.

Maƙwabta sun kawo sassaƙe da jiƙo wai na wanke dattin magani.

Hanta da ƙoda su ne masu wankin, kuma sun fi kowa gajiya a yanzu. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ƙarin kaya ne a kansu. Addu'a, tofi, sadaka, ba wanda ya hana. Abin sha kuwa a karɓa a yi godiya, a ajiye, a tambaya tukuna.

Ɗana ne ke jinyar, sankarar jini, mun shekara biyu muna ba shi ƙwaya. Yaya ƙarshen nasa yake?

Irin wannan jinyar takan kai shekara biyu zuwa uku, ƙarshenta ƙwaya ce a gida: merkaptopurin kullum, metotreksat mako-mako. Yaro yana wasa, yana cin abinci, sai iyaye su fara sakaci da ita. A ba shi har ranar da aka ce a daina. In ƙyanda ko ƙarambau ta shigo gida ko makaranta, a sanar da lokotoro ranar. Bayan an gama, a tambayi yaushe za a sake masa rigakafi, domin maganin yakan shafe kariyar da alluran jarirai suka ba shi.

Mu an ce za a dakatar da shimiyo ne don ba ya aiki kuma. Sun sallame mu ke nan?

Ba kowane ƙarshe ba ne na murna, kuma bai kamata a yi shiru a kan wannan ba. In magani ya daina rage cutar, wahalarsa kawai ke saura, dakatar da shi kulawa ce. Abin da ya rage aiki ne babba: kashe zafi, har da morfin in ya kama, maganin amai, wanke ciwo, barci. Morfin da aka ba bisa ƙa'ida ba ya gaggauta ajali, kuma ba a jira sai mutum yana kuka kafin a ba shi, bisa lokaci ake sha. Shawarata, kada a ɓoye wa mai jinya gaba ɗaya. Yawancinsu sun riga sun sani, kuma suna da bashin da za su ambata, wasiyya, da wanda suke son su yafe wa. A kuma yi hattara da mai cewa kawo jika ɗari in warkar da shi cikin mako guda.

Kowa na murna, ni kuwa tsoro ya kama ni. Rashin tawakkali ne?

A'a. Wata da watanni kana da rana, kana da masu duba ka, kana jin ana yin wani abu. Rana ɗaya a ce je ka sai bayan wata uku. Yaya ta fi yin kuka a watan da muka dawo fiye da duk lokacin jinyar, kowane ciwon kai sai ta ce ta dawo. Abin da ya taimake ta shi ne ƙa'idar da aka ba mu: sabon kullutu, ciwon ƙashi wuri ɗaya, tari, rama ba dalili, ko duk abin da ya wuce mako biyu bai tafi ba, a je a nuna ba tare da jiran randebu ba. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da amai, ko raunin ƙafafu, waɗannan ba a jira ko kwana ɗaya. Sauran ƙananan ciwo, na kowa ne. In baƙin cikin ya hana barci da ci har makonni, shi ma a faɗa wa lokotoro.

Me zan tabbatar na karɓo ranar ƙarshe?

Takarda mai sunayen magungunan da aka sa maka, yawansu da ranakunsu. Wanda aka ba jan ruwan nan, doksorubisin, mai sa fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, ya tabbatar an rubuta jimillar abin da ya sha, domin yana da iyakar da zuciya ke ɗauka a tsawon rai, kuma duk lokotoron da zai duba shi nan gaba, a Zinder ne ko a Kano, zai nemi wannan lissafi. Sai sakamakon tsokar da aka yanka aka auna tun farko, da sikana ta ƙarshe. Sai ranar randebu, da bayanin wane analiz za a iya yi a babbar likitar Zinder, wanne ne sai an koma. Galibi dubawar duk wata uku zuwa shida ce a shekarun farko, daga baya tazarar ta ƙaru. Mai ƴar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji ya tambayi yaushe za a riƙa wanke ta, yaushe za a cire. Sai lambar wanda za a kira.

A ɗauki hoton kowace takarda a aika wa mutum biyu a dangi. Namu na asali suna cikin leda biyu a ƙasan akwatin Yaya, saboda gara da ɗigon damina. Randebunta na gaba bayan ƙaramar Salla ne, kuma tun watan jiya ta shiga adashi don kuɗin kar.